Kuzar Riruwai da Hancin Na'ura

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano suna narka kuza, fatake na kai ta kasuwanni. Sinadarin wannan baƙin dutse ne Naoyoshi Taguchi, ɗan Japan, ya fara gwadawa a 1962, har ya ƙera na'urar gano yoyon gas da ta shiga kasuwa a 1968.

Ana ɗumama ɗan garin sinadarin a cikin na'urar. Da zarar iskar gas ko tururin barasa ya taɓa shi, sai lantarki ya ƙara ratsa shi, ƙararrawa ta ɗauka. Yanzu masana na niƙa garin har ido ba ya ganin ƙwayarsa, don ya fi saurin shinshinowa. Matan Ƙanƙara da Faskari masu girki da tukunyar gas sun cancanci wannan kariya.