Hatimin injiniya: daga taron ɗalibai a Landan zuwa doka a Najeriya

 Duk ranar da ka tsallaka gada da garkenka, ko ka bi titin Katsina zuwa Maraɗi da mota shaƙe da buhunan wake, ka dogara ne, bayan Allah, ga wani mutum da ba ka taɓa gani ba: injiniyan da ya lissafa rodi da simintin da aka zuba. To wa ya tabbatar ya san aikinsa? Abin ya faro ne daga ɗalibai.

A zamanin Turawa, manyan ayyukan titi da gada da layin dogo a Najeriya suna hannun injiniyoyin Ingila. A watan Fabrairun 1958, saura shekara biyu a sami mulkin kai, wasu samarin Najeriya da ke karatun injiniya a can, tare da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba, suka taru a Landan suka kafa ƙungiyar injiniyoyin ƙasarsu, wadda ake kira NSE. Abin da suke nema shi ne su yi magana da murya ɗaya, idan sun dawo gida a damƙa musu aiki.

Amma ka san ƙungiya ba ta da ikon hana ɗan dagaji aiki. Sai a 1970 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar COREN da doka mai lamba 55, aka ba ta ikon yi wa injiniyoyi rajista. A 1992 aka faɗaɗa dokar ta haɗa har da ƙwararrun masu aikin hannu.

Gadon waɗancan samari yana nan a jami'o'i, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, inda ɗaliban injiniya suke da tasu ƙungiyar, NUESA. Karatun shekara biyar ne, a ciki akwai watannin da ɗalibi zai je ma'aikata ya koyi aiki da hannunsa. Digirin kuma bai isa ba. Sai ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin manya, ya rubuta rahoton abin da ya yi, a yi masa tambayoyi, sannan a ba shi lamba da hatimi. Ƙungiyar ɗalibai ce ke fara nuna masa wannan hanya: ta gayyato tsofaffin injiniyoyi su yi bayani, ta kai ƙannen ziyara wuraren aiki.

Saboda haka Malam, in kun haɗa kuɗi a rugarku ko a kasuwarku don haƙa rijiyar burtsatse ko gina rumfunan bene a ɓangaren Najeriya, kafin ku miƙa ko sisi ku nemi lambar rajistar wanda zai sa hannu a aikin. In kuma kana da ɗa a wannan karatu, ranar da ya zo hutu tambaye shi ko ya shiga ƙungiyar.