Bishop ɗin da ya janye maganarsa kan mu'ujiza

Wani mai karatu ya tambaye ni ko gardamar da ake yi a kan fastocin warkarwa sabuwar aba ce. Ina fa! Ta girmi shekara dubu da ɗari biyar.

A wajajen shekarar 390, Agustin, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo (Annaba ta Aljeriya a yau), ya rubuta cewa irin mu'ujizan zamanin manzanni ba a bar su sun ɗore ba, don kada zukata su maƙale wa abin da ido ke gani. Shekara talatin da ɗoriya bayan nan, sai ga shi da kansa yana lissafa kusan mu'ujiza 70 da aka rubuta a garinsa cikin shekara biyu.

Wadda ya fi tsayawa a kanta ita ce ta wani Bulus da 'yar'uwarsa Faladiya, mutanen Kafadokiya. Su goma ne, uwa ta yi musu baki, jikinsu ya kama karkarwa, suka bazu a duniya, su biyun suka iso Hippo. Ranar Ista da safe Bulus yana riƙe da shingen wurin da aka ajiye ragowar jikin shahidi Istifanas, ya faɗi kamar mai barci, ya tashi garau. Agustin bai yi gaggawar shela ba. Ya zaunar da shi suka ci abinci, ya bi diddigin labarin, ya sa aka rubuta. A rana ta uku ya tsayar da su biyun a gaban jama'a ana karantawa, ɗaya cak, ɗaya tana makyarkyata. Yana cikin wa'azi sowa ta ɓarke, ita ma ta warke.

Wasu na cewa tsufa ne ya sa dattijon saurin yarda. Ban gamsu ba. Mai saurin yarda ba ya neman takarda da shaidu, har yana faɗa idan an ɓoye warkarwa ba a bayyana ba.

Malamin tauhidi Kalbin ya farfaɗo da ra'ayin Agustin na farko a ƙarni na 16, wani malamin, Warfield, ya ƙarfafa shi a 1918, alhali taron farfaɗowa na titin Azusa a Amurka na 1906 ya riga ya buɗe wa 'yan Fentikostal ƙofa. A 2004 kuwa hukumar NBC mai kula da watsa shirye-shirye ta hana gidajen talabijin na Najeriya nuna mu'ujizar da ba a tantance ba.