Wandon biɗa: yadda jins ya shiga Adar

A tashar motar Tawa, da zarar an zuba gero a rumbu, ba sai an tambayi saurayi ina za shi ba. Ƙaramar jaka a kafaɗa, gorar ruwa a hannu, da wandon jins da ya fara koɗewa a gwiwa, sun ba da amsa. "Ya tahi biɗa," in ji Adarawa. Da wandon nan zai kwana a mota, da shi zai tsaya gaban jandarma a kan iyaka, da shi kuma zai fara aiki washegarin saukarsa Abijan.

Tafiyar ta girmi wandon nesa ba kusa ba. Ƙasar Adar dutse ce da fako, damina wata uku ce ko huɗu, saura rani ne mai tsawo. Da Turawan Faransa suka kafu a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗora lanho da ake biya da kuɗi, ga aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946. Samarin Tawa da Illela da Keita da Buza suka riƙa sulalewa ƙasar Ingilishi, Sakkwato da Kano, masu dogon zango kuma suka bi tsohuwar hanyar fataken goro har Kumasi da Ankara. Waɗannan da taguwa da wando mai zariya suka tafi. Tsarabarsu bargo ce da laima da turmin atamfa cikin akwatin ƙarfe.

Shi kuwa jins, a lokacin yana can Amurka, tufar leburori. A ranar 20 ga Mayun 1873 ne wani tela, Jacob Davis, da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar ɗaure bakin aljihu da ƙananan ƙusoshin tagulla don kada ya yage. Launinsa dai ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shuni ne, irin wanda marinan Kura ke turo wa Abzinawan Abalak da Cintabaraden a jikin turkuɗi. Sai dai turkuɗi darajarsa ƙyalli, jins kuwa sai ya sha wanki ya koɗe mai shi ke ƙara son sa.

Abin sha'awa, kafin wandon ya cika kasuwa, majigi ya riga ya hango ɗabi'ar. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, labarin ƴan Nijar uku da suka gangara Gana, suka koyi gayu, suka dawo suka rabar da abin da suka tara cikin ɗan lokaci. A 1966 Mustafa Alasan ya ƙara gishiri da Le Retour d'un aventurier: wani matashi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana ƙauye sakat. Mustafa Alasan daga baya a Tawa ya yi zamansa, yana da otal a garin, a nan kuma ya ci gaba da aikin fim kafin rasuwarsa a 2015. Da wuya a ce ya rasa abin kallo, a garin da kowace shekara ake sauke akwatunan ƴan biɗa.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, akalar tafiya ta ƙara karkata Kodebuwa. Farin 1973 da na 1984 suka tura har waɗanda ba su taɓa niyyar fita ba. A kwarin Keita, lokacin da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse da haƙar ramukan itace, domin mazan suna bakin teku.

Can Abijan, Adarawa suka riƙe sana'ar katako, suka shiga tireda da shayi da talla. Garba ma, wato acake da soyayyen kifi wanda ya zama abincin talakan birnin, an ce daga sunan Hausawan Nijar masu sayar da shi ya samo suna. Duk waɗannan ayyuka ba na babbar riga ba ne. Mai sauke katako daga mota yana son abin da tsinin itace ba zai huda ba, wanda ba ya nuna dauɗa, wanda kuma ba ya tallata cewa mai shi baƙo ne. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne bayan an ƙirƙiro katin zama ga baƙi a farkon shekarun 1990. Mai riga da hula, ɗan sanda na hango shi tun daga nesa.

Kuma ba sai an shiga kanti ba. Dilar gwanjo na sauka tashoshin ruwan Abijan da Lome da Kwatano, a kasuwar Ajame ta Abijan ana kiran kayan yugu-yugu. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabon yadi ya fi ƙarfin talaka, gwanjo ya zama madogara.

Duk mai son sanin abin da ɗan biɗa ya sha, ya juya wandonsa ciki waje. Zai ga aljihun ɓoye da tela ya ɗinka ta cikin ƙugu, inda ake naɗe kuɗin mota da katin shaida cikin leda. Zai ga faci a gwiwa, an yanko shi daga wani tsohon jins. Ƙafar an naɗe ta sau biyu saboda alwala da kwatamin unguwa. Ƙaramin aljihun nan na dama, wanda asalinsa na agogo ne, yau layin waya ke kwana a ciki, na Nijar, ana ajiye da shi har ranar komawa. Wani zai yi shekara biyu da wando ɗaya, ya wanke da dare ya shanya a kan tarin katako, ya sa da ɗanyensa da asuba.

A gida kuwa jins bai samu shiga da sauƙi ba. Dattawa sun ce wandon ƴan iska ne, malamai sun ce yana matse jiki, bai dace da sahun salla ba. Samari suka yi sulhu irin nasu: doguwar riga a sama, jins a ƙasa. Har yau dai ba da shi ake shiga gari ranar dawowa ba, in da hali. Wanda biɗa ta karɓa da shadda yake sauka, sabuwa kar, ya zaga gaida surukai, a san cewa ba a yi tafiyar banza ba. Wandon da ya yi wahalar yana ƙasan jaka, kuma galibi ƙane ne ke gadonsa.

Rikicin Kodebuwa na 2002 da faɗuwar Gaddafi a 2011 sun dawo da dubban Adarawa gida, wasu daga su sai kayan jikinsu. Hanyar ba ta mutu ba. Bayan rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, masu gangarawa kudu ta Benin suka koma tsallaka kogin Kwara a kwalekwale, jaka a ka, ƙafar wando a naɗe zuwa gwiwa.