Husufi da Ilmin Falaki a Tarihin Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

A al'adar Hausawa, idan wata ya yi husufi akan ce rana ce ta kama shi, sai yara su fita da ganguna da gwangwanaye suna roƙon ta sake shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ilmin da ke warware wannan lamari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, sai dai bai kai ga talakawa ba.

Malamai da Sararin Samaniya

A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar taurari a Sakkwato, ya kuma tarar da shi ya san buruji goma sha biyu da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. A ƙarƙashin wannan daula ce Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Haka kuma malamai sun san hadisin da ya kore cewa mutuwar wani ko rayuwarsa ke jawo husufi.

Yadda Husufi ke Faruwa

Duniya tana kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i, wata kuma yana kewaya duniya, inda yakan ɗauki kimanin kwana 29 da rabi daga tsayuwa zuwa tsayuwa. Idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta kan rufe shi. Idan shi ya gitta tsakani, sai rana ta yi husufi. Da yake hanyarsa ta karkace da kimanin digiri 5 daga ta duniya, ba kowane wata hakan ke faruwa ba.

Darasi Biyu

Husufin watan 9 ga Janairu, 2001 ya zo da tarzoma a Maiduguri, inda matasa suka ƙona otal-otal da mashaya, suna cewa zunubin masu su ne sanadi. Amma husufin ranar 29 ga Maris, 2006 an sanar da jama'a zuwansa tun da wuri. Rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina, a Yola da Jimeta kuwa sashenta ne kawai ya rufe, domin inuwar wata siririya ce.

Kammalawa

Abin da aka iya lissafa ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo, ba laifin maƙwabci ba ne. Saboda haka ya kamata a koyar da wannan lissafi cikin Hausa da Fulfulde, a makarantun boko da na allo baki ɗaya.