Liyari da Shekarar 1780: Bayani a Kan Gane Tsofaffin Kuɗi da Kimarsu



Duk wanda ya leƙa kasuwannin intanet inda ake cinikin kayan tarihi zai tarar da wani kuɗin azurfa mai faɗi, da hoton wata mata mai jiki a gefe guda, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Kusan kullum shekarar da ke jikinsa 1780 ce, mai sayarwa kuwa da wannan shekara yake kafa hujja, ya tsuga kuɗi. To, wannan shi ne liyari, wanda iyayenmu mata suke ratayawa a wuya. Shekarar nan kuwa ba ta nuna lokacin da aka buga shi.

Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741, ta rasu a 1780. Kafin rasuwarta fataken ƙasashen Larabawa sun riga sun amince da shi, gama nauyinsa ba ya sauyawa, azurfarsa ba ta da algus, ga kuma rubutu a bakinsa wanda ke tona asirin mai kankare shi. Hukumar Ostiriya ta ga sauya kamanninsa zai kashe mata kasuwa, sai ta ci gaba da buga shi yadda yake, har da shekarar. A 1858 ya daina zama kuɗin ciniki a can ƙasarsu, amma ba a fasa buga shi domin ƙasashen waje ba. Daga 1935 Italiya ta shiga bugawa a birnin Rum saboda yaƙinta da Habasha, daga baya aka buga a Landan da Faris da Bambai ta ƙasar Indiya. Har wa yau ma'aikatar buga kuɗi ta birnin Viyana tana fitar da sababbi, kowanne da 1780 a jikinsa. Jimlar waɗanda aka buga ta haura miliyan 300.

Ta hanyar Hamada ya iso mana, a hannun fataken Tarabulus da alhazai masu dawowa daga Gabas. Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari guda da wuri 2,500. Mutanen wancan zamani, ko da yake ba sa karanta rubutun Latin da ke jikinsa, suna da nasu ma'auni. A kasuwanni da dama na Afirka da Larabawa akan ƙirga ɗige-ɗigen da ke jikin maɗaurin rigar sarauniyar a kafaɗa, in sun goge sai a ƙi karɓa. A ganina waɗannan fatake sun fi yawancin masu saye na yau basira, don kuwa su kuɗin suke dubawa, ba labarin mai sayarwa ba.

Saboda haka tambaya biyu ce a gaban mai saye, kada ya haɗa su. Ta farko, na gaske ne ko jabu? Liyari na gaske nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ne, watau akwai azurfa zalla kimanin giram 23 da ɗigo 4 a cikinsa. Maganaɗisu ba ya kama shi. In aka ɗora shi a kan yatsa aka ƙwanƙwasa, yakan yi amo mai tsawo, na zubi kuwa sai ya yi ƙara a dushe, sau da yawa kuma akan ga layin haɗi a bakinsa inda ya kamata a ga rubutu. Matsalar cinikin intanet ita ce hoto ba ya hawa sikeli, ba ya amo. Wanda ya ƙi nuna hoton bakin kuɗin, ko ya ƙi faɗin nauyinsa, ko ya ce in an saya ba a mayarwa, a rabu da shi.

Tambaya ta biyu ita ce kima, a nan ne kuma aka fi yin asara. Liyari yana iya zama na gaske sarai, amma kuɗinsa bai wuce na azurfar da ke ciki da ɗan ƙari ba, saboda yawansa. Masu tsada su ne waɗanda aka buga sarauniyar tana da rai, masu ɗauke da shekarunsu na ainihi, da wasu bugu na farko-farko bayan rasuwarta, waɗanda masana ke bambantawa ta yawan gashin wutsiyar gaggafar da siffar alamar da ke bin bayan shekarar. Wanda maƙerin farfaru ya liƙa wa zobe domin ratayawa, ko aka dirje shi da toka da lemon tsami don ya yi ƙyalli, darajarsa ta faɗi a wurin masu tara kuɗin tarihi, ko da yake a wurin iyalin da suka gaje shi wata magana ce dabam.

Irin wannan ruɗu yana faruwa da kwabo mai huji na 1936. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairu, ya yi murabus a Disamba na wannan shekara, kuɗi mai hotonsa bai shiga hannun jama'a a Ingila ba. Masu sayarwa sukan riƙe wannan labari su ce kwabon da ke ɗauke da sunansa abu ne mai wuyar samu. Alhali kuwa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta sa an buga kwabo da ɗari da anini masu sunansa miliyoyi, aka kashe su a kasuwannin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Wanda ya fi cancantar a nema shi ne aninin 1907, wanda aka yi da gorar ruwa, gama yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Bai jure damshin ƙasashen nan ba, a 1908 aka koma yin sa da gamin jan ƙarfe da nikel, don haka samun mai lafiyayyen jiki daga cikin na farkon ba abu ne mai sauƙi ba.