Tafintan Da Aka Sallama: Yadda Office Ya Sha Fama A Kwamfutar Mac

A ranar 6 ga Yuni, 2005, Steve Jobs ya hau mumbari a birnin San Francisco na Amurka ya faɗi maganar da ta girgiza masu amfani da kwamfutar Mac: kamfanin Apple zai bar ƙwaƙwalwar PowerPC ya koma ta Intel. Dalilinsa a fili yake. Tun 2003 ya yi wa jama'a alƙawarin G5 mai gudun 3GHz cikin shekara guda, abin ya gagara. Sannan G5 ɗin zafi gare ta da cin wuta, an kasa cusa ta cikin kwamfutar tafi-da-gidanka.

To mai karatu zai ce, ina ruwan sakatare ko marubucin labarin fim da wannan? Ai da ruwansa. Kowace manhaja da harshen ƙwaƙwalwar da aka gina ta dominta take magana. Word ɗin da aka yi wa PowerPC, in ka ɗora shi kan Intel, tamkar ka saka wa Bakano fim ɗin Indiya ne babu fassara. Hatta jera lambobi sun sha bamban: ɗaya daga babban gida take farawa, ɗaya daga ƙarami, kamar dai boko da ajami.

Sai Apple ya kawo tafinta mai suna Rosetta, sunan dutsen nan da aka tsinta a garin Rashid na Masar a 1799, wanda ya taimaka aka karanta rubutun Fir'aunoni. Fasahar daga wani kamfani ne mai suna Transitive. Aikinsa shi ne ya riƙa fassara umarnin PowerPC zuwa na Intel nan take, mai kwamfuta bai ma sani ba. Da sabbin injinan suka fito a Janairun 2006, Office 2004 ya buɗe, ya yi aiki, sai dai da ɗan jan ƙafa. Editocin fim kam ba su samu wannan gatan ba, domin Apple bai yarda a gudanar da Final Cut Pro ta hannun tafinta ba, sai da suka jira sabon zubi a Maris ɗin shekarar.

Wanda ya san tarihi bai yi mamakin fargabar mutane ba. A 1994, lokacin da Apple ya bar ƙwaƙwalwar Motorola 68000 ya koma PowerPC, Microsoft ya fitar da Word 6 na Mac, mai nauyin tsiya, har wasu suka gwammace su ci gaba da tsohon Word 5.1. Kuma kowa ya san Mac ba Office gurguwa ce a ofis. Shi ya sa a 1997, Apple na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, yarjejeniyar da Jobs ya ƙulla da Bill Gates ta ƙunshi dala miliyan 150 da alƙawarin ci gaba da yin Office na Mac har shekara biyar.

A wannan karon Microsoft ya ɗauki shekara biyu cur. Sai a Janairun 2008 Office 2008 ya fito yana jin harsunan biyu. Amma fa da sauran rina a kaba: an cire VBA daga cikinsa. VBA shi ne harshen da akanta ke rubuta 'yan umarnin nan da ake kira makro, ya danna maɓalli ɗaya Excel ya lissafa masa albashin ma'aikata ko kasafin kuɗin shiri gaba ɗaya. Microsoft ya ce injin VBA ɗin a ɗaure yake tamau da PowerPC, sake gina shi zai ƙara jinkirta aikin. Ni dai a ganina nan ne aka yi wa mutane ba daidai ba. Mutum ya shekara da shekaru yana gina lissafinsa, ya biya kuɗi ya sayi sabon kaya, ya buɗe fayil, alƙaluma na nan amma makro ya mutu. Abokin aikinsa mai Windows kuwa nasa na tafiya sumul. Da yawa sai suka maƙale wa Office 2004, suna lallaɓa shi ta hannun Rosetta. Ƙorafi ya yi yawa, VBA ya dawo a Office 2011, wanda ya fito a Oktobar 2010.

Ko shekara ba a yi ba, a Yulin 2011, Apple ya fitar da Mac OS X Lion, ya sallami tafinta baki ɗaya. Duk wanda ya sabunta injinsa, Office 2004 ya ƙi buɗewa. Wannan kan tuna min da yadda aka bar kaset ɗin bidiyo aka koma faifan CD a kasuwar finafinanmu. Kaset yana nan a kwali, lafiyarsa ƙalau, amma ina bidiyon da za a saka shi?

Da Tim Cook ya sanar a Yunin 2020 cewa Mac za ta bar Intel ta koma ƙwaƙwalwar da Apple ya ƙera da kansa, an ga an ɗauki darasi. M1 ta fito a Nuwamba tare da Rosetta 2, wanda yake fassara yawancin manhaja tun kafin ta fara aiki maimakon yi a kan hanya. Microsoft kuma bai kai ƙarshen Disamba ba ya fitar da Word da Excel masu jin sabon harshen kai tsaye, VBA na ciki. Abin da ya ci shekara biyu a da, wata guda ya ci. A Yunin 2025 kuma Apple ya yanke wa shi ma Rosetta 2 wa'adi: cikakken aikinsa zai tsaya ne a kan macOS 27.