Ɗurin Harsashi da Saitin Madubi: Inda Kuskuren Harbin Nesa Yake Ɓuya

Tsakure

Maƙalar ta auna hanyoyi biyu da 'yan gasar harbi suke bi don matse tazarar da ke tsakanin hudojin harsasansu a kan allo: ɗura harsashi da hannu, da daidaita madubin hange. Lissafin faɗuwar harsashi da ƙididdigar warwatsuwarsa sun nuna cewa kuskuren madubi kan kai girman kuskuren albarushi, kuma gwajin harbi uku bai isa hujja ba.

Gabatarwa

Tun 1909, lokacin da likitan nan na Amurka Franklin Mann ya wallafa bincikensa kan tafiyar harsashi, ake neman dalilin da ya sa bindiga ɗaya, ɗaure a wuri ɗaya, ba ta bin huda ɗaya sau biyu. Ma'aunin wannan saɓani shi ne mintin kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri: inci 1.047 a nisan yadi 100, ko kusan santimita 2.9 a mita 100.

Albarushi da nisa

Masu ɗuri suna auna albarushi da giren, wanda ya kai miligiram 64.8, domin harsasai su fita da gudu iri ɗaya. Amfanin wannan wahala ya danganta da nisa. Faɗuwar harsashi tana bin murabba'in lokacin da ya yi a iska, saboda haka sauyin gudu na kashi 1 cikin 100 yana sauya faɗuwar da kusan kashi 2. A ɗauki harsashin .308 Winchester mai gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa. A mita 100 yana faɗuwa kusan santimita 8, sauyin bai kai milimita 2 ba. A yadi 1,000, nisan da ake gasa a kansa a filin Bisley na Ingila, faɗuwar ta kai wajen mita 10, sauyin ya zama santimita 20. Shi ya sa 'yan gasar harbi daga kan benci, waɗanda harsashin 6mm PPC na Palmisano da Pindell ya mamaye fagensu tun shekarun 1970, suka daɗe suna cin gasar yadi 100 da albarushin da aka ɗiba da mudun inji, ba a ɗora shi kan sikeli ba.

Matsalar gwaji

A nan gizo ke saƙar. Bututun bindiga yana karkarwa lokacin harbi, kamar yadda Harold Vaughn ya auna ya kuma wallafa a 1998. A kan wannan karkarwa aka gina gwajin tsani na Creighton Audette: a riƙa ƙara albarushi kaɗan-kaɗan, a nemi inda hudoji suka taru. Tunanin yana da tushe. Yadda ake aiwatar da shi ne ba shi da ƙarfi. Frank Grubbs ya nuna tun 1964 cewa faɗin tarin hudoji ma'auni ne mai rawa. Ko ba a sauya komai ba, faɗin tarin harbi biyar yana hawa da sauka da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, na harbi uku kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Mutumin da ya gwada ɗuri goma, harbi uku-uku, ya zaɓi mafi matsewa, galibi sa'a ya zaɓa. A ra'ayin marubucin, duk hukuncin da bai kai harbi 20 zuwa 30 a kowane ɗuri ba, zato ne.

Akwai kuma iyakar matsi. Hukumar C.I.P. ta tsayar da matsin bar 4,150 ga .308 Winchester, kuma babu matsewar hudoji da ta cancanci a tsallake littafin ɗuri na masana'anta.

Madubi

Kuskuren madubi ba na sa'a ba ne. Yana maimaita kansa, don haka ana iya kama shi. Idan bindiga ta karkace da digiri ɗaya tak, faɗuwar mita 10 ɗin nan za ta kai harsashi gefe da santimita 17. Idan maɓallin ɗaga saiti yana ƙwange da kashi 2 cikin 100, wanda ya murɗa minti 35 zai kauce da kusan santimita 19 a yadi 1,000. Kowannensu ya kusa kamo saɓanin gudun da ake kwana ana yaƙa da sikeli. Ga kuma gocewar gicciyen madubi idan ido ya matsa, wadda ke faruwa muddin hoton allo bai sauka daidai kan gicciyen ba.

Gwajinsa ba tsada. A kafa dogon allo a nisan da aka auna da tef, a ja layi a tsaye da igiya mai nauyi, a harbi ƙasan layin, a murɗa minti 30, a sake harbi ba tare da sauya wurin bara ba. A yadi 100 tazarar tarin biyu ya kamata ta zama inci 31.4, kuma dukansu su zauna kan layin. Abin da ya ƙaru ko ya ragu shi ne adadin gyaran da za a shigar cikin kowane lissafin nisa na wannan madubin.